Allurar Sin, Matsar Jijiya ko Ƙaho: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Wanda ciwon baya ya hana shi sakat, ya gaji da haɗiyar ƙwayoyi, yakan ji labarin allurar Sin, wato akufanca. Da ya je neman ta sai ya tarar ashe kashi-kashi ce, kowanne da farashinsa. Irin ciwon da ke damunka ne ya kamata ya yi maka zaɓi, ba zaƙin bakin mai shago ba.

Ta asali ita ce a tsira siraran allurai, da kaɗan suka fi gashi kauri, a wasu gurabe na jiki, a bar su minti 20 zuwa 30. Babu ruwan magani a ciki. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yi, kuma gurabe 361 aka tsayar a hukumance. A 2010 UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya, amma tsufan abu ba shi ne shaidar yana warkarwa ba.

Inda ta fi nuna amfani shi ne ciwo mai daɗewa: baya, wuya, gwiwa, da ciwon kai. A Jamus an yi babban gwaji kan masu ciwon baya, aka fitar da sakamako a 2007. Waɗanda aka yi wa allura sun fi masu magani na yau da kullum samun sauƙi. Sai dai ga abin mamaki, waɗanda aka tsira wa allurar sama-sama a wuraren da ba gurabenta ba, su ma sauƙinsu ya yi kusan daidai da na ainihin. Shi ya sa har gobe likitoci ke sa-in-sa. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta ƙi amincewa da ita don ciwon ƙugu a 2016, alhali inshorar Medicare ta Amurka tun 2020 take biyan zama 12 cikin kwana 90, da ƙarin 8 idan an ga ci gaba. A ganina wannan tsarin ya dace mai saye ya ara: biya kuɗin zama kaɗan tukuna, idan ka yi biyar ko shida babu canji, ka tsaya. Duk wanda ya matsa sai ka biya na wata uku a dunƙule, aljihunka yake dubawa.

Akwai allura mai lantarki, inda ake maƙala waya a jikin allurar a saki wuta kaɗan. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya kusance ta. Akwai kuma gashi da ganyen wani tsiro ɗan uwan tazargade, ana kunna shi kusa da fata. Mai asma zai sha wahalar hayaƙin, mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji kuma yana iya ƙonewa bai sani ba.

Mai tsoron allura, ko wanda tashin zuciya ne matsalarsa, matsar jijiya, wato danna gurabe da yatsa ba tare da allura ba, ta fi masa araha. Gurbin da ake dannawa don tashin zuciya, mai suna P6, yana cikin hannu, faɗin yatsu uku daga wuyan hannu, kuma da babban yatsanka ma za ka iya dannawa.

Ƙaho kuwa ba baƙonmu ba ne, wanzamai sun daɗe suna yi. Na Sinawa galibi busasshe ne, da kofin gilashi, ba a tsaga fata. Yana sassauta tsamin jiki na ɗan lokaci, ya bar tabo na 'yan kwanaki.

Kowanne ka ɗauka, hannun da zai yi aikin ya fi komai. Nemi ganin takardar horo da ta rajista. A ɓare sabuwar allura a gabanka, a jefar bayan an gama, don tsohuwa na iya ɗauko ciwon hanta. Allurar da aka zurfafa a ƙirji ko saman baya tana iya huda huhu, ko da yake ba kasafai ba. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin su fara jin ta bakin likita. Wanda kuma ya ce ka ajiye maganin hawan jini ko na suga don allurarsa za ta wadatar, ɗauki takalminka ka fita.