Cajar Batirin LiFePO4: Wacce Za Ka Saya, Kuma Wane Saiti Za Ka Yi Mata

Duk lissafin cajin batirin LiFePO4, wani nau'in batirin litiyum, daga ƙwaya ɗaya yake farawa, wato ɗaya daga cikin ƙananan baturan da aka jera a cikinsa. Ƙwaya guda tana aiki a kan 3.2V, kuma iyakar abin da take ɗauka lokacin caji 3.65V ne. Batirin da ake kira na 12V ƙwayoyi huɗu ne a jere, saboda haka iyakarsa 14.6V, na 24V ƙwayoyi takwas ne, iyakarsa 29.2V. Na 48V ne ke ruɗa mutane, domin iri biyu ne: mai ƙwaya 16 da ke tsayawa a 58.4V, da mai ƙwaya 15 da bai wuce 54.75V ba. Wanda ya yi wa mai 15 saitin mai 16 ya tura kusan 3.9V kan kowace ƙwaya ke nan. Don haka kafin ka nemi caja, duba takardar batirinka ka ga ƙwaya nawa ke ciki.

Wannan 14.6V iyaka ce ta ƙarshe, ba a son batir ya riƙa kai mata kullum. A mafi yawan lokacin caji, boltejin ƙwaya yana tsaye ne tsakanin 3.2V da 3.35V, sai ta kusa cika sannan ya yi tsalle sama. Wutar da ke ƙaruwa daga 3.5V zuwa 3.65V ba ta taka kara ta karya ba, amma a nan ne matsala take fitowa. Ƙwayoyi ba sa cika lokaci guda. Ɗaya takan riga sauran kai wa iyaka, sai BMS, wato allon da ke tsaron batir daga ciki, ya yanke caji alhali sauran ba su gama ba. Shi ya sa muka fi son 14.2V zuwa 14.4V. A batirin 24V wannan ya zama 28.4V zuwa 28.8V, a mai ƙwaya 16 kuma 56.8V zuwa 57.6V. Idan kamfanin batirinka ya ba da nasa adadin, nasa za ka bi.

Kada kuma a yi ƙasa da yawa. Yawancin BMS sai ƙwaya ta kai wajen 3.4V yake fara daidaita ta da 'yan'uwanta, kuma sannu a hankali yake yi. Batirin 12V da ba ya haura 13.6V, wato 3.4V sau huɗu, ba ya samun wannan dama, ƙwayoyinsa su yi ta nisa da juna har ka ga yana mutuwa da wuri ba ka san dalili ba.

Mafi sauƙi a cikin cajoji ita ce mai tsayayyen boltej, wadda aka rubuta mata LiFePO4 14.6V, babu maɓallin canja komai. Ta yi wa wanda zai jona batir, ya cika, ya zare. Abin tambaya a kanta guda ne: idan batir ya cika tana kashe kanta, ko tana ci gaba da riƙe shi a 14.6V? Wadda ke riƙewa kada a bar ta jone dare da rana. Kuma kalmar litiyum kaɗai a jikin kwali ba ta isa ba. Akwai wani nau'in batirin litiyum da ƙwayarsa ke cika a 4.2V, cajarsa ta ƙwaya huɗu tana ba da 16.8V, wanda ya wuce ƙarfin naka nesa ba kusa ba, ta ƙwaya uku kuwa 12.6V take bayarwa, ba za ta cika maka shi ba.

Sai tsohuwar cajar batirin ruwa, wato batirin dalma, wadda mutane da yawa ke so su ci gaba da amfani da ita don kada su sake kashe kuɗi. Abubuwa uku ne a cikinta suke da amfani ga batirin dalma amma suke cutar da wannan. Na farko shi ne Equalize, inda caja ke ɗaga boltej sama da 15V da gangan. Na biyu shi ne wanda ake rubuta wa Recondition ko Desulfation, mai harba wuta mai ƙarfi don farfaɗo da farantan dalma. Na uku shi ne ƙara boltej da kanta idan gari ya yi sanyi. Idan ana iya kashe dukkan ukun, kuma saitinta na Gel ko AGM, wato nau'o'in batirin dalma da aka rufe, bai haura 14.4V ba, za a iya lallaɓawa da ita na ɗan lokaci. Idan ko ɗaya ba ya kashewa, a ajiye ta. Tana da wani aibin ma: in batir ya ƙare har BMS ya rufe, bakinsa yakan nuna kusan sifiri, irin wannan cajar kuwa sai ta ɗauka babu batir, ta ƙi farawa.

Wadda muke ba da shawara ga duk wanda batirinsa ke aiki kullum ita ce mai barin ka shigar da lambobi da hannunka. Ta fi tsada, amma ita ce za ka iya gyarawa idan batir ya nuna wani hali. A batirin 12V, sa Absorption, wato boltejin da caja ke riƙe batir a kai har ya gama cika, a 14.2V, ka ba shi kamar minti 30, ko ka ce ya tsaya idan wutar da ke shiga ta sauka zuwa kashi 5 cikin ɗari na girman batir, wato amfiya 5 ga mai 100Ah. Sabon batir ko wanda ƙwayoyinsa suka bambanta, ƙara masa zuwa awa ɗaya ko biyu har ya daidaita. Float, wato boltejin da ake riƙe batir a kai bayan ya cika, ya tsaya a 13.4V zuwa 13.5V, ko a kashe shi in babu kaya a kan batir, 13.8V da aka saba yi wa batirin ruwa ya yi yawa ga dogon zama. A ɓangaren inbata kuma, sa ta yanke a wajen 12.0V. BMS yakan jira har 10V, kuma ba a so ya zama shi ne ke kashe wuta kullum, aikinsa ceto ne idan komai ya gaza.

Girman caja lissafi ne mai sauƙi. Ga batirin 100Ah, amfiya 20 zuwa 50 ya wadatar, matuƙar bai wuce abin da aka rubuta wa BMS ɗinsa ba. A haɗa da duk hanyoyin da wuta ke shigowa: sola mai ba da 40 da inbata mai ba da 30 a lokaci guda, 70 ke nan.

Mai sola ya nemi kwantirola ta MPPT da ke da saitin User, lambobin nan dai zai shigar. Mai babban batirin 48V ya fifita inbatar da ke magana da BMS ta wayar CAN ko RS485, domin a nan batir ne da kansa ke faɗa wa caja boltej da amfiyan da yake so. Amma a tabbatar sunan batirin yana cikin jerin waɗanda inbatar ta sani tun kafin a biya. A mota ko kwalekwale, kada a jona batirin kai tsaye da altaneta, wato na'urar da inji ke juyawa don cajin batir. Wannan batir yana zuƙar wuta iya abin da aka ba shi, altaneta ta yi zafi musamman in inji na tafiya a hankali, kuma idan BMS ya yanke farat ɗaya boltej yakan yi tsalle ya ƙona ta. Cajar DC-DC, mai karɓar wuta daga altaneta ta miƙa wa batir, ita ke taƙaita amfiyan.

Batun sanyi ba abin wasa ba ne ga masu zama inda ruwa ke daskarewa. Caji a ƙasa da digiri sifiri yana sa litiyum ya taru a jikin farantin ƙwaya, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Ba kowane BMS ke hana hakan ba, sai a nemi caja mai na'urar auna zafi da za ta tsayar da caji a wajen digiri 5. Ta sama kuma, yawancin kamfanoni a digiri 45 suke tsayar da iyaka.

Bayan ka haɗa komai, kada ka dogara da lambar da ke fuskar caja. Ɗora mita a kan bakin batir daidai lokacin da ya kusa cika. Idan caja na nuna 14.2V mita kuma 13.8V, wuta na ɓacewa a hanya: waya ta yi siriri, ko ta yi tsawo, ko noti bai ɗauru ba. Gyaran a waya yake, ba a ƙara boltej don cike giɓin, domin da amfiya ta sauka giɓin zai ɓace, ƙarin nan ya sauka kan batir. Fiyus ya zauna kusa da baki mai alamar ƙari. Idan kuma batura biyu na 12V za ka jera su zama 24V, fara cika kowanne shi kaɗai kafin ka haɗa su.