Ran-filat ko taya gama-gari: wacce ta dace da motar gudu?

Kafin ka je wajen mai sayar da taya, buɗe but ɗin motarka ka ɗaga shimfiɗar ƙasa. Idan ka tarar da safaya da jak, rabin shawara ta yanke kanta. Idan kuwa babu, to zauna mu yi magana, domin motocin gudu da yawa haka suke fitowa yanzu, ko gurbin safayar ba a bari ba. Tun 1997 Chevrolet ya fitar da Corvette ba safaya, ya dogara ga ran-filat ta Goodyear, wato tayar da ke iya ci gaba da tafiya ko iskarta ta sace, daga baya BMW ya bi wannan hanya a yawancin motocinsa.

Sirrin ran-filat yana gefenta. An ƙara wa robar gefen kauri da ƙarfi yadda ko iska ta sace duka, gefen zai ɗauki nauyin mota. Sa babban yatsanka ka danna gefen taya gama-gari da ba a hura ba, za ta loɓa. Danna na ran-filat, kamar ka danna itace. Abin da yawancin kamfanoni ke alkawartawa shi ne tafiyar kilomita 80 bayan iska ta sace, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Ba ka tsayawa a bakin titi cikin dare, ba ka durƙusawa da jak manyan motoci na wucewa ta bayanka. Kuma idan iska ta fita farat ɗaya kana cikin gudu, motar ba ta fizgar sitiyari kamar yadda gama-gari ke yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wannan kaurin shi ne kuma aibinta. Tayar motar gudu dama siririya ce: a taya mai lambar girma 225/40 R18, tsayin gefen kashi 40 ne cikin ɗari na faɗin milimita 225, wato milimita 90 kacal tsakanin wili da kwalta. Wannan 'yar robar ita ce ke fara shanye gargada kafin shokozoba ta karɓa. Ka mai da ita tauri, sai kowane ɗan tsagi na hanya ya iso har kujera. Ga ƙarin nauyi, kuma nauyin da ke jikin wili ya fi na cikin mota illa, don shi ne shokozoba ke fama da shi a kowane tudu. A kwana mai gargada za ka ji motar tana ɗan tsalle maimakon ta manne. Sababbin ran-filat sun yi laushi fiye da na farko, gaskiya ne, amma har yanzu hannun da ya san tuƙi yana jin bambanci. Abin lura: BMW ɗin da ya fi kowa rungumar ran-filat, yawancin motocinsa na M, waɗanda aka ƙera don tuƙi mai zafi, da taya gama-gari suke fitowa, da ɗan famfo da kwalbar ruwan liƙe faci a but. Porsche 911 ma haka.

Batun kuɗi gajere ne. Ran-filat ta fi tsada, zaɓinta ya fi ƙaranci, kuma idan ka yi tafiya a kanta ba iska, galibin masu ƙera ta cewa suke a canza, kada a yi faci, don zafi na iya cinye gefen daga ciki ba tare da ido ya gani ba. Ƙusa ɗaya, sabuwar taya. Gama-gari kuwa, in ƙusar a tsakiyar zanen ta shiga, mai faci ya gama da ita cikin mintuna.

Ni dai, ga wanda ya sayi motar don daɗin kwana da jin hanya a tafin hannu, gama-gari mai kyau zan ce, irin su Michelin Pilot Sport ko Continental SportContact, tare da famfo da ruwan liƙi. Amma ya san iyakarsu: ruwan nan ƙaramin huji yake toshewa, idan rami ya yaga gefen taya sai motar ja. Mai yawan doguwar tafiya shi kaɗai, ko mai ɗaukar iyali da dare, ya riƙe ran-filat ɗinsa, ya haƙura da taurin.

Idan ran-filat ka zaɓa, dole motar ta kasance da na'urar auna iskar taya mai kunna fitila a dashbod, domin wannan taya ko ta sace ba ta nunawa, kana iya cinye kilomita 80 ɗin ba ka sani ba. Kowane kamfani da alamarsa a gefe: Bridgestone RFT, Michelin ZP, Continental SSR. Kada ka haɗa iri biyu a mota ɗaya, balle hagu da dama. Duba harafin gudu kuma, W na nufin kilomita 270 a awa, Y 300, kada ka sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce. Sannan lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar, mako ne da shekarar ƙira: 2324 na nufin mako na 23 a 2024.