Hattara da mai tallan "tsohuwar jita 'yar Japan" a Facebook

Jama'a, musamman masu koyon kaɗa jita da mawaƙan coci, akwai wani da ke yawo a zaurukan saye da sayarwa na Facebook yana tallan jitar katako, marar lantarki. Yakan ce ta hannu ce, ba ta sha aiki ba, wai yayansa ne ya zo da ita daga Turai ya ajiye a ɗaki. Hoton kuwa ga kyau: katako ya yi ja irin na tsufa, ga jar takarda a cikin ramin jitar an rubuta Nippon Gakki, wato tsohon sunan kamfanin Yamaha na Japan.

Wannan takardar ce tarkon. Gaskiya ne Yamaha ta fara fitar da jerin jitocinta masu suna FG a 1966, kuma masu jar takarda irin FG-180 suna da daraja wurin masana. Amma takarda ce kawai, kowane shagon buga kati zai iya buga irinta a liƙa wa jitar da aka ƙera bara. Tsufan ma ana yinsa, da fenti mai duhu da ɗan gogawa a gefe.

Wani ɗalibina ya tura masa rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, ya ƙara da kuɗin mota, aka ce direba zai kira shi daga tasha. Sunan da ke kan asusun ma daban yake da na mai tallan, aka ce na matarsa ne. Kayan dai sun iso, abin da ya ba ni mamaki ke nan, domin yawancinsu toshe lamba suke yi. Da muka buɗe kwalin, sabuwar jita ce mai araha, wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nesa da ƙarafan wuya har yatsa ba ya iya danne su, jakin da ke riƙe tsirkiyoyin kuma ya fara ɗagowa daga jikin katakon. Irin wannan ba za ta kai ƙarshen hunturu ba. Da ɗalibin ya kira mai tallan, sai aka ce direba ne ya musanya.

In har za ka saya, ka nemi kiran bidiyo, mai sayarwar ya kaɗa ta a gabanka, ya haska cikin ramin da tocila ka ga lambar da kamfani ya buga a jikin katako, ba ta kan takarda ba. Ya kuma nuna maka wuyan daga kai zuwa gindi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Shi wannan kullum kyamararsa a lalace take, kuma kullum akwai wani mai saye da ke jira da kuɗi a hannu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hotunan hirar, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, sannan ya sanar da 'yan sanda ko EFCC. Mai tallan ya sauya suna a shafinsa, amma hotunan ba su sauya ba: jitar jingine da koren labule, a kan jar darduma.