Talabijin inci 32 da na'urar DVD daga Sabon Gari: abin da kuɗina ya saya

In dai kuɗinka a ƙirge yake, kuma abin da za a fi kallo a gidanka tashoshin dish ne da faifan DVD, to inci 32 na kamfanin da aka sani ya fi maka inci 43 da ba a san asalinsa ba. Ni Hisense na ɗauka, wanda ba simat ba, wato ba mai shiga intanet ba, kafin azumin da ya wuce, na haɗa da wata ƙaramar na'urar DVD mai suna irin wanda ba ka taɓa ji ba. Talabijin ɗin ya biya ni. Na'urar kuwa sai dai a ce da babu gara ba daɗi, zan zo kanta.

Wani zai ce wa yake sayen DVD yanzu, bayan komai ya koma waya da filashi? Hajiyarmu tana zaune tare da mu, kuma tana da jaka guda cike da faifai: tafsirin azumi na shekaru, bidiyon bikin ƙannena, da tsofaffin finafinan Hausa da aka sayo a Ƙofar Wambai tun kasuwar faifai tana ci. Ba ta shiri da waya mai shafawa. Faifai ta sani, ta saka da hannunta, ta danna. Da tsohon akwatinmu mai ƙaton baya ya mutu, dole abin da zan sayo ya karɓi waɗannan faifan.

Na zaga Beirut Road na ji farashi, amma a Sabon Gari na saya, a wani shago ta wajen France Road. Duk shagunan salonsu ɗaya: an jera talabijin a bango, kowanne yana nuna kifaye masu launi da furanni suna buɗewa, an ƙure haske har ƙarshe. Wannan bidiyon an yi shi ne don ya sayar da kaya, ba shi za ka kalla a gida ba. Shi ya sa na tafi da faifan Hajiya ɗaya a aljihu. Yaron shagon ya ja ni wajen wani inci 43, ya ce, "Alhaji, ka ƙara kaɗan ka ɗauki wannan, 4K ne, simat ne, falonka zai yi kwarjini." Farashin ya yi arhar da ta sa na sake duba sunan da ke goshinsa. Ya yi kama da na wani babban kamfani, harafi ɗaya aka sauya. Na ce ya saka mini faifaina. Fuskar malamin da ke tafsiri ta fito a dame, gemu da rawani sun haɗe, rubutun da ke ƙasa yana rawa. Da aka mai da faifan kan inci 32, sai ga mutum ya fito mutum.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne. Yawancin inci 32 da ake rubuta wa HD suna da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, kimanin miliyan ɗaya ke nan. Full HD yana da 1920 da 1080, ya haura miliyan biyu. 4K na gaskiya 3840 ne da 2160, sama da miliyan takwas. To faifan DVD irin namu na tsarin PAL 720 da 576 kawai yake ɗauke da shi, bai kai rabin miliyan ba, VCD kuma da aka yi yawancin tsofaffin finafinanmu a kai 352 ne da 288. Abin da babu a faifai, talabijin ba zai ƙirƙiro shi ba, sai dai ya ja hoton ya cike gilashi, kamar a tsinka miyar mutum biyu don ta ishi mutum goma. Haka ma tashoshin dish da yawa, ba da HD suke zuwa ba. Daga kujerarmu zuwa bango kusan mita uku ne, kuma daga nan idon mutum ba ya rarrabe 768 da 1080 a kan inci 32. Me zai sa in biya kuɗin ɗigon da ba zan gani ba?

Mai shagon, wani dattijo mai sanyin magana, shi ya sa na tsaya a nan na saya. Bai yi mini gaggawa ba. Ya sa aka yanka kwali a gabana, aka jona, na saka hoto fari fat daga filashi don in ga ko akwai ɗigon da ya mutu, sannan baƙi ƙirin don in ga ko haske na tsiyaya ta gefe. Na koma gefe na kalla, launi bai wanke sosai ba, wanda yake da muhimmanci a gidan da yara ke zama a ƙasa, manya a kujera. Lambar da ke bayan talabijin ta yi daidai da ta jikin kwali da ta katin garanti, ya kuma rubuta ta a rasit da hannunsa. Ya ce, "Malam, ka adana kwalin nan, in wani abu ya taso da shi za ka dawo." Duk shagon da ya ce sai ka biya ka je gida ka gwada, ka yi masa sallama.

Inda shagon ya rage mini daɗi shi ne ƙananan kaya. Wayar HDMI, mai kai hoto da sauti cikin talabijin, daban, ƙarfen maƙalawa a bango daban, kuma sai da aka gama cinikin babba aka fara lissafo su, a farashin da ya fi na masu tebur a bakin titi. Ka haɗa su cikin ciniki tun farko.

Yanzu na'urar DVD. Abu ɗaya na nace a kai, ta kasance tana da ramin HDMI. Da yawa daga masu arha wayar nan mai kai uku kawai suke da ita, rawaya da fari da ja, kuma ta rawayar nan hoto yakan fito da dishi-dishi a sabon talabijin. Wasu sababbin talabijin ɗin ma sun daina zuwa da waɗannan ramukan, ko su ba ka ƙaramin rami ɗaya da sai da wata 'yar waya ta musamman, don haka ka leƙa baya kafin ka biya. Tawa tana da HDMI da wajen filashi, tana karanta VCD da DVD da faifan karatun Alƙur'ani na MP3, har waɗanda suka ɗan karce. Ba ta kuma tambayar yanki. Faifan kamfani na asali ana kulle su da lamba: Najeriya da Indiya yanki na 5, Amurka na 1, Turai da Saudiyya na 2, kuma na'urar da ke bin ƙa'ida za ta iya ƙin faifan da aka yo maka tsaraba. Iyakar yabonta ke nan. Tiren da faifai ke hawa roba ce marar ƙwari, yana fita da ƙara. Rimot sai ka saita shi daidai goshinta. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar tafsiri, ba ta tuna inda aka tsaya, sai Hajiya ta kira wani ya nemo mata wurin. Ƙura kuma abokiyar gabarta ce, in ta hau idon da ke karanta faifai sai ta fara rubuta babu faifai alhali yana ciki. Mun ɗinka mata mayafi kafin hunturu.

Blu-ray ban tsaya a kansa ba. Ya fito tun 2006, faifansa na ɗaukar gigabait 25 inda DVD ke ɗaukar 4.7, hotonsa Full HD ne, kuma na'urarsa na karanta DVD. Amma ina za ka samu faifan a Kano, kuma wane bikin gidanku aka ɗauka a kai?

Batun wuta shi ya hana ni kallon na hannu, duk da arharsu. Takardar da ke bayan nawa ta nuna bai kai wat 60 ba, ƙaramin sola ɗinmu yana ɗaukarsa tare da fanka da ƙwai biyu har dare ya raba. A cikin 'yan gwanjo har yanzu akwai plasma na ainihi, wanda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa wajen 2014. Hotonsa na da kyau, amma inci 42 yakan ja sama da wat 200, ga zafi, a garin da watan Afrilu kaɗai ya ishi mutum. Waɗanda aka kwaso daga Amurka kuma wasunsu na wutar bolt 120 ne, tamu 230 ce, in babu taransifoma jonawa ɗaya ce ta ƙona shi. Kuɗin da na rage da ƙin sayen simat na sa shi a na'urar kariya mai jinkirta wuta idan an kawo ta da ƙarfi. Simat ɗin ma data yake ci, kuma duk ranar da na so, akwai 'yar na'urar da ake cusawa a HDMI ta yi wannan aikin.

Sauti dai kada ka sa rai. Duk talabijin siriri haka yake, babu wurin da lasifika za ta yi numfashi, in fanka na juyawa sai an ƙure murya. Tsohuwar sifikar rediyonmu na jona wa na'urar DVD ta fari da ja, hoto kuma ya bi ta HDMI, muryar mai jan baƙi ta dawo da kaurinta.

Mai babban falo, ko wanda ƙwallo ce damuwarsa kuma yana biyan dish mai HD, shi ya ƙara haƙuri ya tara na inci 43 Full HD na gaske. Kowanne ka saya, in za a sa maka a adaidaita sahu, a tsaye za a riƙe shi cikin kwalinsa, kada a kwantar, gilashin ba ya jure gargadar hanya. Mai kafawa kuma zai so ya kai shi can kusa da silin don yara. Ka hana shi. Tsakiyar gilashin ya zo kusa da saitin idon wanda ke zaune, in ba haka ba wuya ce za ta yi ciwo kafin a idar da faifai ɗaya.