Kayan atisayen ajiliti da na yi oda kafin gasarmu ta farko, ga abin da na gani

Jama'a na daɗe ina son in rubuta wannan, tun da muka dawo daga gasar nake cewa zan yi, sai yau Allah ya nufa. Magana ce kan saitin kayan atisaye na gida da na yi oda a intanet don in shirya karena Jarumi zuwa gasar ajiliti ta farko, irin saitin nan da ke zuwa cikin jaka ɗaya, da sandunan tsallake guda biyu, da babban zobe ɗaya da kare ke tsallakawa ta cikinsa, da bututun yadi da kare ke shiga ya fita ta ɗaya bakin, da sandunan zilliya guda 6, sai wani ɗan murabba'i na igiya da aka ce wurin tsayawa ne, da usur. Wata 5 muka yi muna amfani da su kusan kullum, don haka ina ganin na isa in faɗi wani abu a kansu.

Ga wanda bai san wasan ba, ajiliti shi ne kare ya bi jerin cikas bisa lamba, ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake wannan ya kurɗa wancan ya hau wancan, kai kuma kana gudu a gefe kana nuna masa hanya da murya da hannu da jujjuyawar jikinka, ba igiya, ba ka taɓa shi ba ka taɓa kayan, agogo na tafiya alƙali na tsaye yana ƙirga kuskure. A Ingila aka fara shi, a bikin karnuka na Crufts a Landan a 1978, da farko ma don a nishaɗantar da 'yan kallo ne a tsakanin sauran shirye-shirye, mutane suka ji daɗinsa sosai har Kennel Club, babbar ƙungiyar harkar karnuka ta Birtaniya, ta karɓe shi a matsayin wasa mai ƙa'ida a 1980, a Amurka aka kafa ƙungiyar ajiliti ta USDAA a 1986, AKC kuma, wato babbar ƙungiyar harkar karnuka ta Amurka, ta shigo a 1994. Na kawo wannan ne saboda kowace ƙungiya da nata ƙa'idojin, kuma nan ne matsalata da wannan saiti ta fara.

Bari in fara da abin da ya burge ni don kar in zalunce su. Haɗawa ba wuya ko kaɗan, minti 10 na gama kafa komai, ba sai da sukudireba ko wani abu ba, kuma ba nauyi, hannu ɗaya ka ɗauki jakar. Wannan sauƙin ya fi ƙarfin yadda mutum zai zata, saboda atisayen kare ba a son shi da tsawo, minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana ya fi awa ɗaya a ƙarshen mako nesa ba kusa ba, kuma in kayan na da wahalar fitarwa wallahi ba za ka fitar ba, za ka ce gobe. Da waɗannan sandunan tsallake guda biyu kawai na koya wa Jarumi abu mafi muhimmanci da ya cece mu ranar gasa, wato ya zauna a layin farawa ya jira har in yi gaba in ba shi izini. Kare mai zafin jini da ya ga sanda a gabansa ba ya son jira, shi dai a sake shi, kuma in ya tashi kafin ka isa inda ya kamata ka tsaya to duk sauran zagayen a bayansa za ka yi shi kana kiran suna. Mun yi makonni a kan wannan kaɗai, in ajiye shi, in taka taku uku in dawo in ba shi lada, gobe taku biyar, jibi in wuce sandar gabaki ɗaya. Haka kuma a kan sandunan nan biyu na koyi canza gefe, wanda kake juyawa a gaban kare kana fuskantarsa, da wanda kake barinsa ya wuce ka ratsa ta bayansa. Ba ka buƙatar fili cike da kaya kafin ka koyi waɗannan, sanda biyu sun isa, a nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

To amma sandunan da kansu akwai abin da ban ji daɗinsa ba sam. A gasa, sandar da ke kwance a sama ɗora ta kawai ake yi a kan 'yan ƙananan mariƙai, da ƙafar kare ta taɓa ta sai ta faɗi, an yi haka ne da gangan don kar ya ji ciwo. Na wannan saitin maƙale take, sai ka danna ta ta shiga da ƙarfi har ta yi ƙara. Sati na biyu Jarumi ya buge ta da ƙafar baya, maimakon sandar ta faɗi ita kaɗai sai duk abin ya kife ya biyo shi, ya tsorata, kwana biyu yana zagaye sandar ba ya son tsallakewa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don ni na kawo masa abin. Abin da na yi shi ne na yanke rabin mariƙan da wuƙa suka koma kamar cokali, sandar na zaune a kai ba tare da ta kamu ba. Duk wanda ya sayi irin wannan, don Allah kafin karenka ya yi tsalle ko ɗaya, sa yatsa ka ture sandar, in ba ta faɗi da sauƙi ba ka gyara tukuna. Zoben ma haka, ba ya buɗewa in an buge shi, shi kam na mayar da shi jaka ban ƙara fitarwa ba.

Sannan maganar tsayi. Ana auna kare ne daga ƙasa zuwa saman kafaɗa, wannan awon shi ke nuna rukunin da zai shiga, a AKC misali akwai inci 8, 12, 16, 20 da 24. Alamomin da ke jikin sandunan saitin ba su yi daidai da ko ɗaya ba, sai da na ɗauko tef na auna na sa alama da alƙalamin maka da kaina. Kuma kar a yi gaggawar ɗaga sanda, ɗan kwikwiyo da ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba bai kamata ya riƙa tsalle mai tsawo ko zilliya ba, shi ya sa AKC ba ta karɓar kare a gasa sai ya kai wata 15, Kennel Club da FCI, ƙungiyar harkar karnuka ta ƙasa da ƙasa, kuma wata 18. Takardar da ta zo cikin jakar ba ta ce komai a kan wannan ba, hoton kwikwiyo ma aka sa a jikin kwalin, abin da ya ba ni haushi ke nan. Ni sai da likitan dabbobi ya duba Jarumi ya ce ba matsala kafin muka ɗaga sandar sama da gwiwarsa.

Bututun yadin ba laifi amma siriri ne kuma ba nauyi, na gasa faɗin bakinsa santimita 60 ne kuma da kauri, duhu ne a ciki, ana danne shi da buhunan yashi. Wannan kuwa haske na ratsa shi, iska kaɗan ta mirgina shi, 'yan ƙusoshin da aka haɗo da su sun lanƙwashe tun satin farko. Na cika tsofaffin jakunkuna da yashi na ɗaure bibbiyu na ɗora a kai, sai ya zauna. Ya koyi shiga da umarni, wannan ya wadatar, sai dai ranar da ya fara ganin na gaske mai duhu kuma a lanƙwashe ya ɗan tsaya a baki yana leƙe.

Yanzu ga babbar maganar, sandunan zilliya. Wannan shi ne cikas mafi wuyar koyo a wasan gabaki ɗaya, kare zai shiga da sandar farko a kafaɗarsa ta hagu, kullum, ko ta wane gefe ya taho, sannan ya riƙa kurɗawa dama hagu dama hagu har ƙarshe ba tsallake ko ɗaya. A gasa yawanci 12 ne, ko da yake rukunin sababbin shiga na AKC 6 ake sawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu santimita 60 ce, inci 24 ke nan. Na wannan saitin suna zuwa da wani gindi na roba da aka riga aka huda, ni ban taɓa tunanin in auna ba, na ɗauka wanda ya ƙera ya san aikinsa. Wata biyu cur Jarumi na koyo a kai, ya iya, yana yi da sauri har ina jin daɗi ina ɗaukar bidiyo, sai ranar da muka je aji na farko a wurin mai koyarwa ya shiga na gaske ya rikice, yana tsallake ta uku, yana fita a ta biyar, kamar bai taɓa ganin abin ba. Malamar ta kalle shi sau biyu ta ce in je gida in auna nawa. Na auna, santimita 50. Santimita 10 a ido ba komai ba ne, amma kare da jikinsa yake haddace takun, ƙafa nan ƙafa can, in ka canza tazarar ka canza masa kiɗan baki ɗaya, banda haka matsattsiyar tazara tana wahalar da baya da kafaɗun babban kare, dalilin da ya sa ƙungiyoyin suka faɗaɗa tasu ke nan. Na jefar da gindin, na soke sandunan a ƙasa da tef a hannu, muka koma farko da sanda bibbiyu muna ƙarawa a hankali, ya ɗauke mu wajen sati 6 kafin tsohon takun ya fita daga jikinsa. Kuma sandunan laushi gare su, in ya ture su sai su kwanta, sai ya koyi bangaje su maimakon lanƙwasa jiki, na gasa kuwa a kafe suke a kan ƙarfe ba sa ba da hanya.

Abin da babu a jakar shi ma dole in faɗa, ba wai laifin saitin ba ne don ba su yi alkawarinsa ba, amma sabon shiga zai iya ɗauka ya gama shiri alhali rabin wasan bai taɓa ba. Babu tudun katakon nan mai siffar A, babu siririyar gada, babu katakon lilo da ke karkata ya bugi ƙasa da ƙara in kare ya wuce tsakiya. Duka ukun suna da wani yanki a ƙasa da aka shafa wa fenti daban, galibi rawaya, dole ƙafar kare ta taka wurin kafin ya sauka, in ya yi tsalle ya wuce alƙali ya ɗaga hannu. Waɗannan ba a koyonsu daga bidiyo, kuma ban ba kowa shawarar ya haɗa nasa da katakon da ya tsinta ba, lilon musamman, kare ɗaya ya faɗo sau ɗaya zai iya ƙin hawa har tsawon watanni. Aji za ka nema inda ake da kayan gaske da mai koyarwa da ya san aiki. Mu sau ɗaya a mako muke zuwa, sauran kwanakin muna gida da jakarmu, wannan haɗin shi ya yi mana aiki.

Ranar gasar kuwa abubuwan da suka fi girgiza ni ba su da alaƙa da kaya. Haushin karnuka ta ko'ina, lasifika, mutane na kai da komo, Jarumi a keji yana haki tun kafin a kira mu. Ana ba masu karnuka 'yan mintuna su shiga filin ba kare su zagaya su haddace lambobin, ka ga mutane na tafiya suna nuna iska da hannu suna jujjuyawa su kaɗai, ni ma na bi sahu, na zagaya sau uku ina tsara inda zan canza gefe. Ba a shiga da abin lada ko abin wasa, don haka tun a gida ka saba masa ya yi jerin cikas da yawa kafin ya samu ladansa a waje. Ka kai shi ya yi fitsari da kashi kafin lokacinku, in ya yi a cikin fili an fitar da ku ke nan. Maganar abin wuya ma ka karanta dokar ƙungiyar da ka yi rijista da ita, wasu sai an cire gabaki ɗaya, wasu sun yarda da mara komai a rataye.

Zagayenmu na farko ya zauna a layi ya jira ni kamar yadda muka yi sau ɗari a gida, wallahi sai da na ji ƙwalla. Ya tsallake komai bai kayar da sanda ko ɗaya ba, ya shige bututu ba gardama, zilliya ya kuskure mashiga sai da na dawo da shi ya sake, sannan a kan tudun A ya yi tsalle ya wuce rawayar saboda zumuɗi. Ba mu ci ba, amma mun gama zagayen tare, ya fito yana kaɗa wutsiya yana kallon fuskata.

In za a tambaye ni ko a saya, zan ce a saya in dai don tsallake da jira da koyon tafiya tare ne, tauraro uku cikin biyar nake ba shi, kuma a sayi tef ɗin awo a rana ɗaya. Sandunan zilliyar kam yanzu na yi odar wasu 12 masu gindin ƙarfe, na kuma tura wa mai sayarwa saƙo ya auna mini tazarar ya turo hoto da tef a kai kafin in biya, gasa ta gaba saura sati 7.