Gargaɗi ga masu faci da masu fenti a Sakkwato kan masu yawon gyaran kwamfaresa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu faci, masu fentin mota, da duk mai injin iska a shagonsa. Akwai wasu mutane da ke zagaya garejoji a kan babur da jakar sifanu, suna cewa gyaran kwamfaresa ne sana'arsu. An gan su wajen Mabera da Arkilla, har Kwannawa. Don Allah kada ku bar su su taɓa muku inji.

Tsohon inji suke nema, wanda zai yi ta gudu tanki bai cika ba. Tun ba su kwance noti ko ɗaya ba za su ce kan injin ya mutu, a kawo kuɗin sabon farantin bawul ɗan Beljiyam, wato farantin da ke cikin kan injin mai harsunan da ke buɗe wa iska hanya su rufe. Sai su tafi da naka, su dawo da wani tsoho da aka goge aka fesa wa fenti, harsunan bawul ɗinsa kuwa daga gwangwani aka yanko su. Harshen asali siririn ƙarfe ne mai tsalle, yana lanƙwasa ya koma mazauninsa. Na gwangwani kwana kaɗan zai karye, ya faɗa kan fistin ya karce silinda. Injin da wanki da sabon gasket kawai yake buƙata, ya koma sai an sake masa kai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bawul ɗin tsaro, wannan ɗan jan ƙarfe mai zobe da ke jikin tanki, mai sakin iska idan ta yi yawa. Idan suka ji yana huci sai su cire shi su toshe ramin da noti, sannan su ƙara ɗaure makunnin da ke kashe inji idan iska ta cika, allurar geji ta haura, maigida ya ɗauka aiki ya yi kyau. Wallahi wannan wasa da rai ne. Ƙananan injinan shago yawanci suna tsayawa ne idan geji ya nuna bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), kuma ana buga iyakar bawul ɗin a jikinsa. Tankin da ya shekara da shekaru ruwa na kwana a cikinsa tsatsa ta ci gindinsa, ga zafin bazarar garin nan da ke wuce digiri 40. Ranar da makunnin ya maƙale, babu inda iska za ta fita sai ta fasa ƙarfe, kuma yaranmu ne ke tsugune kusa da shi.

Mafi yawan cutar bawul kai ma za ka gane ta. Sa tafin hannu a bakin matatar iska inji na aiki: idan tana huro maka iska waje, harshen shiga ne ba ya rufewa, sau da yawa ƙurar hunturu ce da ƙonannen mai suka daskare a kai. Idan inji ya tsaya, ɗan hucin da za ka ji sau ɗaya daidai ne. Amma idan iska ta ci gaba da fita daga ƙasan makunni, bawul ɗin hana komawa ne da ke bakin tanki, shi ma ɗan roba ne da sifirin a ciki. Ruwan sabulu zai nuna maka sauran wuraren yoyo. Kafin ka kwance komai, cire wuta ka saki iskar tanki duka.

Duk mai gyaran da zai zo, a gabanka zai buɗe kan inji, ya nuna maka abin da ya lalace, ya bar maka tsohon a hannu. Kada ka tura kuɗi don hoton bawul da aka nuna maka a WhatsApp. Ka kuma gaya wa yaran shago kada su ba kowa inji idan ba ka nan. Wanda waɗannan mutane suka riga suka yi masa aiki, ya je yau ya duba ko bawul ɗin tsaronsa na nan, ya ja zoben ya ji iska ta fita, ya buɗe bawul ɗin ƙasan tanki ya zubar da ruwa.