Shagon da ya nemo mini ƙurar Zariya a Ingila

Shagon, wanda ke sayar da ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur da kayansu, yana wani ƙaramin gari tsakanin Mancesta da Lids, a kan gangaren da ya taso daga tashar jirgi, maƙale tsakanin mai aski da wani kantin gwanjo. Ba zan kira sunansa ba, don dattijon da ke da shi ya ce kada in sa shi a intanet, masu zuwa ma sun ishe shi. Shekara biyu ke nan ina zarya wurinsa, na kuma zuba kuɗin da uwargida ba ta san adadinsu ba, saboda haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

Ga wanda bai san harkar ba, a nan ƙasar akwai mutane, yawancinsu masu furfura, da ke keɓe ɗaki ko gareji su shimfiɗa layin dogo a kan falanki, su gina tasha da gada da tsauni, su saki ƙananan jirage masu tafiya da lantarki. Ranar da na fara gani na ɗauka wasan yara ne. Da na ji kuɗin kan jirgi guda sabo ya haura fam 150, sai na gane yara ba su da wuri a nan.

Ni abin da ya kai ni daban. A Sabon Garin Zariya na tashi, inda ƙarar jirgi ke tayar da mu kafin ladan. Zariya mahaɗa ce: layi ɗaya ya miƙe Kano, ɗaya ya yi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, ɗaya ya gangara Kaduna. Ina so in ga wannan tashar a kan teburina, da taragan shanu masu yin kudu da mata masu tallar dafaffen ƙwai a gindin taga. Da wannan na shiga shagon, riƙe da hotuna uku da na buga a takarda.

Ɗakin bai fi shagon tela biyu ba, kaya har rufi. Ƙamshin fenti da tsohon kwali ne ke fara tarbar mutum. Dattijon ya karɓi hotunan ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni faɗin dogonmu. Na ce ban sani ba, dogo ai dogo ne. Shi ya gaya mini cewa tsohon layin Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu da Niyu Zilan. Kunya ta kama ni: ɗan Zariya a tsaye, Bature na koya masa dogon garinsu.

Ya ɗauko takarda ya yi mini lissafi. Ma'aunin da aka fi yi a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, dogonsa kuma milimita 16.5. In ka ninka, zai ba ka 1,435, faɗin sabon layin Abuja zuwa Kaduna ke nan da aka buɗe a 2016. Tsohon namu in aka rage shi haka, milimita 12 da ɗoriya yake komawa. Akwai dogon milimita 12 a kasuwa, kamfanin Peco na yi, amma yawancin jiragen da ke hawansa a wannan ma'auni na tsaunukan Suwizalan ne, kuma suna da tsada. Mutanen Niyu Zilan sun samo wata dabara, suna rage jirgi sau 64 sai dogon 16.5 ya zo musu daidai, sai dai a wannan ma'auni kusan komai da hannunka za ka ƙera.

Ni kuwa na riga na ɗora ido a kan wani kan jirgi mai tsada a cikin gilashi. Ya ce in bar shi. Shawararsa ita ce in fara da dogon da kowa ke amfani da shi, in sayi taragai na hannu masu araha, in koyi fenti a kansu, in na lalata ban yi asara ba. Ya ƙara da cewa su kansu Ingilishi, ma'auninsu na OO jirgin an rage shi sau 76 ne amma yana tafiya a dogon 16.5, wanda ya yi masa kaɗan, kuma tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu suke zaune da wannan kuskure ba wanda ya mutu. Ɗan kasuwar da zai hana ka sayen abu mai tsada ya miƙa maka na fam shida, ba kullum ake samunsa ba. Da wannan ya saye ni.

A ƙarƙashin kanta akwai wani akwatin roba cike da taragai na hannu, wasu ba ƙafa, wasu an yi musu fentin da ko makaho zai ƙi. Nan nake fara durƙusawa duk zuwa. Na tsinci taragan shanu guda biyar a ciki, masu jikin katako da tazara a sama, da ɗan gyara sun yi kama da namu.

Matsalar da ta fi ba mu wuya ita ce launi. Duk abin da ke shagon an yi shi ne don ƙasar ruwan sama. Ciyawar roba koriya shar, kala wajen goma, daga ta bazara zuwa ta kaka. Tsakuwar dogo toka-toka. Hodar da ake tsufar da jirgi da ita kuwa, baƙin hayaƙin kwal ne da laka mai duhu da tsatsa. Na saya na shafa wa tarago ɗaya, ya fito kamar ya kwana a Niyukasil, garin kwal. Dattin namu ba haka yake ba. Namu busasshe ne, ja-ja daga ƙasa inda ƙafafu ke tayar da marmara, fari-fari daga sama inda hazon hunturu ke sauka, fentin kuma rana ta cinye shi har kore ya koma kamar ganyen kuka da aka shanya.

Na yi tunanin in sa a zo mini da jar ƙasa a leda daga gida. Ya girgiza kai. Na ɗaya, doka ba ta bari a shigo da ƙasa haka nan. Na biyu, marmara cike take da ƙarfe, injin jirgin kuma akwai mayen ƙarfe a cikinsa, duk ɗan ɓurɓushin da ya kama sai ya janye shi cikin haƙoran inji. Ko ƙasar nan Ingila mutum zai yi amfani da ita, sai ya busar, ya tankaɗe da rariya, ya bi ta da mayen ƙarfe.

Mako biyu bayan haka na koma, sai ya fito da wata leda daga bayan kanta. Ya je kantin kayan gini da kansa ya sayo garin da ake cike tsakanin tayil da shi, kalar jan tukunya, da wani kalar yashi, ya gauraya a murafen kwalba har kashi huɗu, kowanne da nasa ma'auni, ya busar a kan kwali don in zaɓa. Na uku ne ya yi. Da na ɗora hoton kusa da shi sai da ƙirjina ya buga, kamar in ji ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko. Bai karɓi ko kwabo ba a kan wannan wahala, kuɗin garin kawai na biya. Don jikin jirgi kuma ya tura ni shagon masu zane in sayi allin fenti, ja mai duhu da ruwan ƙasa da fari, in kankare da wuƙa ya zama hoda. Kayan da ba ya sayarwa ke nan.

A kan kantarsa na koyi tsufar da tarago, wata Laraba da ba ciniki. Ana fara fesa masa man da ke kashe ƙyalli, don hoda ba ta kama roba mai santsi. Sai a tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwan shayi, a bar shi ya bi tsagin katako da kan ƙusoshi da kansa. In ya bushe, a ɗauki burushi a tsoma a fenti mai haske, a goge a tsumma har sai ka rantse ba abin da ya rage, sannan a shafa a gefuna. Abin da ya rage ɗin shi ke fito da kusurwa. Hoda ce ta ƙarshe, ja daga ƙasa zuwa sama, fara daga rufi zuwa ƙasa, ko da yaushe ta hanyar da ruwa ko iska za su bi. Abin da ya fi nanatawa shi ne in riƙa kallon hoto, in daina yin abin da nake zato. Tarago na biyu da na yi a gida, garin neman gira na rasa ido: na yi ta ƙara ja har ya koma kamar an tsamo shi daga miyar dage-dage. Na kai masa, ya yi dariya har da tari, ya nuna mini yadda ake wanke hoda da ɗanyen auduga tun ba a sake fesa man nan an rufe ta ba. Wani abin da ban sani ba sai da na gani: man rufewar yana haɗiye kusan rabin hoda mai haske, dole a yi sau biyu ko uku.

Tsakuwar dogo ma shi ya hana ni sayen wadda aka rubuta wa ma'aunina, ya ce ta yi girma a ido, in ɗauki ta ƙaramin ma'auni. Ana baza ta a bushe, a jiƙa da feshin ruwa, a ɗiga farin gam da aka raba daidai da ruwa, da ɗigon sabulun wanke kwanuka don ya ratsa. Kwana guda ta zama dutse. A kiyaye wurin da dogo ke rabuwa biyu. Na manne ɗaya, laifina ne, ya riga ya gargaɗe ni.

To, ga inda shagon ya gaza. Sabon kaya a wurinsa ya fi na intanet tsada, wani lokaci da fam goma ko fiye a kan kan jirgi guda. Lokacin buɗewarsa sai Allah: an rubuta ƙarfe goma a ƙofa, na taɓa tsayuwa cikin ruwa har sha ɗaya saura. Litinin da Talata a rufe, kuma ba ya ɗaukar waya in yana gyara. Wurin ya yi ƙunci, mai keken guragu ba zai wuce bakin ƙofa ba. In ka ba shi saƙon abin da babu, ka sa haƙuri; na jira ciyawa mai kalar harawa wata biyu cur. Ya kuma taɓa sayar mini da kan jirgi na hannu da ya ce lafiyarsa lau, na kai gida ya yi zagaye uku ya tsaya yana ƙauri. Da na mayar bai yi musu ba, ya buɗe a gabana, ya tarar tsohon mai ya daskare a ciki, ya wanke ya gyara kyauta. Amma ya kamata a ce ya gwada kafin ya sa a kanta, ga dogon gwaji nan a gabansa. Sannan ranar Asabar akwai wasu dattawa uku da ke kafa majalisa a ciki, suna gardama a kan lambar jirgin da aka daina aiki da shi tun 1968. Baƙo zai iya tsayuwa minti ashirin ba a kula shi ba. Ranar farko sun yi mini kallon wanda ya ɓata hanya. Yanzu ɗayansu ne ke kawo mini tsofaffin mujallu duk inda ya ga hoton jirgin Afirka.

Duk da haka ban koma intanet ba, sai don abin da ba shi da shi. A farkon 2024 Hattons, babban kantin nan na ƙananan jirage da ya faro a Libaful tun 1946, ya rufe, kuma a ranar na ga dattijon ya yi shiru fiye da kullum. Fam goman da nake ƙarawa, na ɗauke shi kuɗin makaranta.

Gidajen ƙasa ba mai sayar da su a nan, ko ɗaya. Da yumɓun da ke bushewa a iska na yi su a kan kwali, na murza zankaye da yatsa, na yi indararo da bututun alawa, na shafe da garin nan na uku kamar makuba. Rufin kwano kuma akwai shi a shagon, falle-falle na roba, tsatsa kawai yake so. Bishiyar kuka kuwa na murɗa ta da wayar lantarki na lulluɓe da yumɓu. Ta farko ta fito kamar rogo. Mutane ne na tsaya a kansu. 'Yan mutanen da ake sayarwa duk masu kwat ne da hula malafa, sai na naɗa musu takardar goge hannu da gam ta zama babbar riga da mayafi. Kawuna da ya gani a bidiyo ya ce, “Kai yaro, gumaka ka koma tarawa?” Tun daga nan ban ƙara zana wa ko ɗaya fuska ba, kuma na rage su, tashar ta zama kamar ta tsakar rana a watan azumi.

Teburin yanzu ƙafa takwas ne a kan biyu, a jingine da bangon gareji. Uwargida ta leƙo ran nan ta ce, “Maigida, wannan tarago ai bai yi datti ba, ka manta kashin shanu.” Gaskiyarta. Ranar Laraba zan koma da shi shagon, in ya buɗe da wuri, mu ga ko farin alli da ɗan kore za su yi.